Yaya da Injin Ɗakin Ƙasa

Ni da Yayata a asibiti ɗaya muka yi aiki shekaru da yawa, amma kana iya yin shekara kana zuwa ba ka san tana wurin ba. Ni nas ce a sashen da ake duba marasa lafiya su koma gida, kowa yana ganina, kowa yana zagina idan layi ya yi tsawo. Ita kuwa tana ƙasa. Sai ka sauka matakala, ka wuce ɗakin wanki, ka bi wani lungu mai warin sabulu da tsatsa, sannan ka iske wata ƙofar ƙarfe. A bayan ƙofar nan kwamfutar asibiti take, kuma a can Yaya ta ƙarar da ƙarfinta. Da ɓacin rai nake ba da labarin nan, ba zan ɓoye ba.

Ita ce babba a ɗakinmu, ni ce auta. Tun muna yara ba ta da surutu. Ana hira ana dariya, ita tana gefe da littafin lissafi, sai an kira sunanta sau biyu take ɗagowa. Mama ta so ta zama malamar makaranta, don a ganinta aikin da mace za ta dawo gida da wuri ke nan. Yaya ta ce lantarki za ta karanta. Aka yi ta ja-in-ja har Baba ya gaji ya ce a ƙyale ta, tunda dai ba rawa ta ce za ta koya ba. Ta gama da sakamako mai kyau, asibiti ya ɗauke ta a sashen kwamfuta tare da wani abokin karatunta da ake ce wa Dogo. Rana ɗaya suka fara aiki, a mataki ɗaya. Mutanen asibiti suka ji ina ce mata Yaya, su ma suka ɗauka, har da manyan likitoci.

Wanda ya tashi ya ga kwamfutar da ake sakawa a jaka ba zai gane abin da nake nufi da inji ba. Kabad ne na ƙarfe guda biyu, kowanne ya fi firji tsawo, a ciki ƙwaƙwalwar take. A gefensu akwai akwatunan faifai huɗu a jere, kowanne kamar injin wanki. A cikin akwatin faya-fayai ne a ɗore kamar farantai, suna juyawa da gudu, wani siririn hannu yana shiga tsakaninsu yana fita, yana karanta abin da aka ajiye. Duk katin mara lafiya, duk sakamakon gwajin jini, duk maganin da aka rubuta wa mutum, a kan faya-fayan nan suke. Injin ba ya son zafi, don haka ɗakin ya kusa fin na ajiye gawa sanyi. Mutane na fifita a waje, Yaya tana zuwa aiki da rigar sanyi da safa a jaka. Ga ƙarar fankoki da ba ta taɓa tsayawa, idan za ka yi magana sai ka ɗaga murya.

Ko a lokacin da aka ɗauke su injin ya riga ya manyanta. Kamfanin da ya sayar da shi ya daina turo injiniya, sai dai a buga waya a ji shawara. Asibiti kuwa sai girma yake. An buɗe sabon sashen yara, an faɗaɗa ɗakin gwaji, ana ta jona sababbin allunan kwamfuta a ofisoshi, duka a kan inji ɗaya. Sai aiki ya fara ja. Ma'aikacin kati zai buga sunan mutum ya zauna yana kallon allo, mutumin yana kallonsa. Ya taɓa ce mini yana iya zuwa ya sha shayi ya dawo kafin lamba ta fito, kuma bai ƙara gishiri sosai ba. Da hantsi, lokacin da ɗakin kati da ɗakin gwaji da ɗakin magani suke neman injin gaba ɗaya, layi yakan fita har bakin get.

Wata rana wata mata ta zo da ɗanta, jikinsa kamar wuta. An ɗebi jini tun da safe, an gama gwaji, amma sakamakon ya maƙale a inji, likita kuma ya ce ba zai rubuta magani da ka ba. Matar ta riƙe mini hannu tana roƙona kamar ni na ɓoye takardar. Na zare hannuna na sauka ƙasa a fusace.

"Yaya, wai me kike yi a nan ne? Mutane na can suna galabaita, ke kina zaune cikin sanyi."

Ta tambaye ni lambar yaron, ta nemo sakamakon daga allon da ke jikin injin, ta buga shi a firinta ta miƙo mini.

"Kai wa likita ki dawo, Auta. Akwai abin da zan nuna miki."

Da na dawo ta buɗe bayan kabad ɗin, ta nuna mini wasu farantai biyu na kayan lantarki, kowanne da faffaɗar waya da ta fita daga jikinsa zuwa akwatunan faifai.

"Waɗannan su ake kira kwantirola," in ji ta. "Ƙwaƙwalwar injin ba ta magana da faifai kai tsaye. Sai ta gaya wa kwantirola abin da take so, ita ta je ta ɗauko. Kuma kwantirola ɗaya, ko faifai nawa aka rataya mata, saƙo ɗaya take iya wucewa da shi a lokaci guda. Dubi fitilunsu."

Na duba. Fitilar ta hagu tana kunne ba ko ƙiftawa. Ta dama kuwa sai an jima ta ɗan haska ta mutu.

"Wanda ya kafa injin nan ya jona akwatuna uku a ta hagu, ɗaya a ta dama. A lokacinsa bai yi laifi ba, aikin kaɗan ne. Amma yanzu jerin sunaye, da katunan kansu, da sakamakon gwaji, da wurin da injin ke jibge abin da ƙwaƙwalwarsa ta kasa riƙewa, duk suna hagu. Abin da ke dama tsofaffin katuna ne da ba a cika nema ba. Kamar a ce sashenku yana da taga biyu ta karɓar kati, an tura kowa taga ɗaya, mai ɗaya tagar yana gyangyaɗi."

"To ki raba su mana."

"Tun bara nake neman izini."

Shugaban sashensu wani mutum ne mai sanyin murya da yawan fara'a, wanda ba a taɓa jin ya ce a'a ba, ba a kuma taɓa jin ya ce e ba. Komai ka kai masa sai ya jingina da kujera ya ce, "Bari mu gani." Har sunan ya bi shi. Kafin a raba aikin sai an kashe injin, a kwashe komai a zuba a tef na ajiyar bayanai, a sauya wayoyi, sannan a mayar. Bari-mu-gani yana tsoron a kashe ya ƙi tashi, a ce shi ya ba da izini. Sai da babbar likitar ɗakin gwaji ta tare shi a gaban mutane ta wanke shi tas, sannan ya kira Yaya ya ce ta yi. Da baki ya faɗa, ya kuma ƙara da cewa idan wani abu ya lalace ita ta sani.

A hutun ƙarshen mako ta yi aikin, lokacin da ɗakin kati yake rufe. Dogo ya ce yana da uzuri a gida. Na kai mata abinci da rana na same ta durƙushe a bayan kabad, ga tulin tef a kan tebur, tana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya tana ɗaura musu zare mai launi don kada su rikice mata. Ta mayar da akwatuna biyu hagu, biyu dama. Ta sa jerin sunaye a ɓangare ɗaya, katuna a ɗayan, don yayin da wannan kwantirola ke neman sunan wani, waccan tana ɗauko katin wani. Tana cin abinci a tsaye ta ce mini kwashewa da mayarwar ma kanta magani ce. Fayil ɗin da aka daɗe ana ƙara masa yakan warwatse a faifai gutsure-gutsure, hannun nan ya yi ta zarya yana tsinto shi. Idan aka zuba shi sabo sai ya kwanta wuri ɗaya.

Ba zan ce daga nan komai ya gyaru ba, don ƙarya ne. Da aka dawo aiki ɗakin kati ya yi sauri, amma ɗakin gwaji ya fi da muni. Ashe ta haɗa sakamakon gwaji da jibgin ƙwaƙwalwa a faifai ɗaya, su biyun suna ta fizgar hannu ɗaya, wannan ya ja shi bakin faifai, wancan ya ja shi ciki. Likitar da ta tsaya mata ta daina amsa gaisuwarta. Bari-mu-gani ya riƙa bin ofisoshi yana cewa shi da ma ya faɗa. Makon nan Yaya ba ta ci abincin kirki ba. Tana zaune gaban allo tana lura da wane faifai ake nema, a wane lokaci, wane aiki ke karo da wane. Mijinta, malamin firamare ne mai barkwanci, ya ce mini ko a gida idan ya yi mata magana sai ta kalle shi kamar tana neman inda ta san shi.

A hutu na gaba ta sake kwance komai, ba ta ƙara tambayar kowa ba. Ta mayar da jibgin ƙwaƙwalwa faifan da tsofaffin katuna suke, inda ba mai damunsa. Fayilolin da aka fi nema kuma ta kawo su tsakanin bakin faifai da cibiyarsa, don hannun ya rage doguwar tafiya.

Da aka dawo aiki na shigo sashenmu da hantsi na tarar da benci kusan ba kowa, har na ɗauka yajin aiki ake. Ma'aikacin kati yana buga suna, lamba tana fitowa kafin ya ɗaga yatsa. Ya ce in gaya wa Yaya ba ta kyauta ba, ta raba shi da shayinsa.

An yi maganar a taron shugabanni. Bari-mu-gani ya ce sashensa ya yi ƙoƙari. Yaya, da ba ta saba magana a taro ba, ta miƙe ta gaya musu a fili cewa numfashi kawai ta samar wa injin, ba ƙuruciya ta mayar masa ba, a ci gaba da shirin kawo sabo. Kowa ya gyaɗa kai. A watan nan aka cire maganar sabon inji daga tsarin shekara. Tunda tsohon yana gudu, gaggawar me ake?

Bayan 'yan watanni aka samu gurbin kwas a kan sababbin kwamfutoci a wani gari. Yaya aka ce za ta je, kowa ya sani. Ta sayi akwati, Mama ta yarda za ta riƙe mata yara. Ana gab da tafiya Bari-mu-gani ya kira ta ofis.

"Malama, na yi ta tunani. Idan kika tafi injin nan ya tsaya, wa zai duba shi? Yadda kika tsara shi yanzu, ke kaɗai kika san kansa."

"Yallaɓai, Dogo yana nan. Zan nuna masa komai kafin in tafi."

"Ai shi ya sa na ga gara Dogon ya je wannan karon. Ke ki riƙe mana gida. Na gaba naki ne."

Dogo ya je. Da na gaba ya zo, ɗaya daga akwatunan faifai ya fara kuka, aka ce ba lokacin tafiyarta ba ne, aka tura wata sabuwar ma'aikaciya. Na bayansa Dogo aka sake turawa, wai tunda ya fara gara ya ƙarasa. Akwatin da Yaya ta saya ya koma ma'ajiyar tsofaffin kayan yara.

Kuma ba kwas kaɗai ba. Hutun shekara ba ta taɓa cinye shi ba a kira ta ba. Lokacin da ta haifi 'yarta ta ƙarshe, ɗinki bai gama warkewa ba aka turo mota gida, wai faifai ya ƙi juyawa. Na tare direban a ƙofa na ce babu inda za ta. Ina cikin faɗa ta fito da jaririyar a kafaɗa, ta miƙa mini ita ta shiga mota. Mama tana daga ciki tana cewa, "Wai injin nan ba shi da uwa ne sai ke?" Mijinta ya ce ai injin ne ɗanta na fari, sauran duk ƙannensa ne. Aka yi dariya, ni ban yi ba.

Kamfanin ya daina yin kayan gyara, don haka ita ke bin ma'aikatun da suka yar da irin injin tana ciro abin da zai yi amfani. Asibiti yana ƙara girma, ita tana ƙara lallaɓa faya-fayan nan. Da zarar layi ya fara dawowa sai ta zauna ta sake duba wace kwantirola ce kaya ya yi wa yawa, ta sauya wa wannan fayil wuri, ta rage wa wancan faifai nauyi. Duk gyaran da ta yi sai ya ƙara wa injin shekara, ita kuma ya ƙara mata zama a ƙasa.

Ta roƙa a ba ta wanda za ta koya wa. An turo mata mutum biyu a lokuta daban-daban, kowanne ya yi 'yan makonni ya nemi canji. Ban ga laifinsu ba. Suna da ido. Sun ga Dogo ya hau sama ya samu ofis mai taga, sun ga Yaya da rigar sanyi.

Na taɓa samun ta a kicin na ce, "Yaya, ki bar shi ya mutu. Ki ce ba ki da lafiya, ya yi kwana biyu a kwance, su san abin da suke takawa."

Tana yanka albasa, ba ta ɗago ba. "Idan ya kwanta, Bari-mu-gani ne zai tsaya a layi?"

"To haka za ki zauna?"

"Ke ce za ki fara saukowa wurina, da hannun wata matar a naki. Me za ki ce mata?"

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san su ma sun san haka. Da tausayinta suka riƙe ta. Da a ce marar imani ce da tuni ta yi gaba.

Ta sake zuwa wurin Bari-mu-gani bayan an ƙara wa Dogo girma karo na biyu. Ta ce masa kunnenta na hagu ya fara toshewa saboda ƙara, gwiwoyinta kuma sun daina jure sanyin, tana so a fitar da ita ko na shekara ɗaya ne. Ya ce mata ita ce ginshiƙin sashen, ba su da kamarta. Bayan mako guda aka kawo mata takardar yabo a firam, da abin toshe kunne a leda.

Injin ya yi fiye da shekara goma bayan lokacin da aka ce ya kusa mutuwa. A ƙarshe ma ba lalacewa ya yi ba. Sababbin shugabanni ne suka zo, suka ga abin kunya ne asibiti kamar wannan yana aiki da kayan tarihi, suka kawo sabon tsari gaba ɗaya. Bari-mu-gani ya koma mai ba da shawara, Dogo ya zama shugaban sashe. Kwashe katunan shekara da shekaru daga tsofaffin faya-fayai zuwa sabon tsarin, Yaya ce ta yi, wata da watanni, har ta tabbatar ba katin da ya ɓace. Ita ta kashe injin da hannunta. Ta ce mini bayan fankokin sun tsaya ta daɗe a tsaye, kunnenta yana ci gaba da jin ƙararsu.

Ta ɗauka yanzu za ta hau sama. Har ta fara karanta littattafan sabon tsarin a gida, tana tambayar babban ɗanta abin da ba ta gane ba.

Sai aka ce za a tantance ma'aikatan sashe. Aka kafa kwamiti, ana kiransu ɗaya bayan ɗaya. Wani daga ofishin kula da ma'aikata, wanda bai daɗe da zuwa asibitin ba, ya juya fayil ɗinta ya sake juyawa, sannan ya ce, "Malama, ban ga shaidar kwas ko ɗaya a kan tsarin zamani ba. Duk shekarun nan me ya hana ki ƙaro ilimi?"

Bari-mu-gani yana zaune a teburin. Yaya ta juya ta dube shi, tana jira ya buɗe baki. Shi kuwa yana ta gyara maɗaurin agogonsa.

"Yallaɓai yana nan," in ji ta. "Zai fi ni bayani."

"To, ai harkar kwas ta mutum ce da himmarsa," in ji shi. "Amma Malama mace ce mai haƙuri, wannan kam zan shaida."

Aka sallame ta. Dalilin da aka rubuta shi ne ƙwarewarta ta tsufa, kuma ba ta nuna himmar sabunta ta ba.

Dogo ne ya kawo mata labarin har gida. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi zama.

"Yaya, wallahi ba ni na rubuta ba."

"Na sani. Amma ka sa hannu?"

Ya sunkuyar da kai.

"To, ka gaida gida," in ji ta.

Ni a ranar na so in je in kife wa tsohon nan tebur. Mijin Yaya ne ya zaunar da ni, ya ce idan aka kore ni ni ma, wa zai dinga duba masa hawan jini kyauta. Yaya kuwa ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta shiga gyaran gida. Ta sauke komai na kabad ɗin kicin ta sake jerawa, ta bi wayoyin gidan kaf, har yara suka fara ƙorafin ba sa gane inda aka ajiye cokali. Muka ɗauka ta haƙura, kamar kullum.

Wata safiya ta zo gidana kafin in fita aiki.

"Auta, kin san inda ofishin sasanta rikicin ma'aikata yake?"

"Za ki nemi a mayar da ke?"

"Su riƙe aikinsu. Kalmar nan nake so a cire. Ni ce ba ni da himma?" in ji ta. "Na ba su kunnena, na ba su gwiwoyina, ban ce komai ba. Amma ba za su bar wa 'ya'yana a rubuce cewa uwarsu raguwa ce ba."

Maganar ta ɗauki watanni, ana ɗagawa ana sake ɗagawa. Duk zaman da na samu dama na raka ta. Lauyan asibiti ya ce babu wata shaida cewa an taɓa zaɓen ta kwas aka hana ta, kuma gaskiyarsa ce, don komai da baki aka yi. Likitar ɗakin gwaji ta daɗe da barin garin. Bari-mu-gani ya aiko cewa ba ya jin daɗin jikinsa. Muna zaune a kan bencin katako a wani ɗaki mai fanka ɗaya, ina kallon yadda za a rufe maganar a ce Yaya ce ta ƙirƙira.

A zaman da muka ɗauka shi ne na ƙarshe sai ga Dogo ya shigo. Ba wanda ya kira shi. Ya nemi a ba shi dama, ya tsaya ya ce kwas na farko da ya je nata ne, ya sani a lokacin, kuma ya tafi. Ya ce na baya ma haka. Ya ce yana ofishin ranar da ta roƙa a fitar da ita saboda kunnenta, ya ji amsar da aka ba ta. Lauyan asibiti ya tambaye shi ko ya san har yanzu shi ma'aikacinsu ne. Ya ce ya sani. Ban wanke shi ba, don ya ci moriyar abin shekaru yana kallo, amma ranar ya tsaya da ƙafarsa, shi kaɗai a cikinsu.

Aka yanke cewa a cire maganar rashin himma, a rubuta cewa an soke gurbinta ne, kuma asibiti ne ya riƙe ta a kan tsohon injin saboda buƙatarsa. Ba a mayar da ita aiki ba, ba a hukunta kowa ba. Bayan ɗan lokaci aka ɗauke Dogo daga shugabancin sashe aka kai shi kula da sito.

Da muka fito na ce mata wannan ai bai isa ba, mu ɗaukaka ƙara. Ta ce ita abin da ta zo nema ta samu, kuma yunwa take ji. Muka zauna a wani shago kusa da tasha ta ci burodi da shayi, a nan ta gaya mini ta yi rajistar kwas ɗin da kanta a wata makaranta, tare da sa'annin ɗanta. Ta yi, ta ci jarrabawa. Manyan wurare ba su ɗauke ta ba, kowa ya dubi shekarunta sai ya ce za a neme ta. Yanzu tana koyarwa a wata ƙaramar makarantar koyon sana'a, ita ke kuma kula da kwamfutocinsu. Ɗalibai suna shakkar ta, don idan aikinka bai yi ba sai ka kwance ka sake, ko da kai ɗan mai makarantar ne. Idan an tashi tana tashi tare da kowa.

Ni har yanzu ina asibitin. Bari-mu-gani ya yi ritaya da girmansa, duk taron da za a yi ana gayyatarsa a ba shi kujerar gaba. Idan ya gan ni sai ya faɗaɗa fara'a ya ce, "Ina Malama? A gaishe ta da kyau." Ni kuwa sai in wuce kamar ban ji ba. Na gaya wa Yaya, ta ce in dinga amsawa, ko ba komai ya girme mu. Na ce ita ta amsa idan ta gan shi. Har yau ba mu daidaita a kan wannan ba.